Taurari Nawa Hannunka Zai Ɗauka?

Sau biyu aka kore ni daga ɗaki a dare ɗaya, alhali ina zaune a wuri guda, kan tabarma a tsakar gidanmu da ke Badariya cikin Birnin Kebbi. Watan Afrilu ne, zafi ya fito da kowa waje. Inna na gefe tana fifita da mafici, ni kuma na ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan ɗan benci, iyafis a kunne, gumi na ɗiga kan madannai. Ɗakin da nake nufi na cikin intanet ne, a wani wasan kiɗa mai suna osu!, kuma waɗanda suka kore ni ban taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba. Tutocin da ke gefen sunayensu kaɗai na gani: Indonesiya, Barazil, Foland, Jamus.

Ga wanda bai san wasan ba, wani ɗan Ostireliya mai suna Dean Herbert ne ya fito da shi a 2007, kuma kyauta ake saukar da shi. Waƙa na tashi, da'irori masu lamba suna ɓullowa a allo, kowace da wani zobe da ke tsukewa yana nufo ta daga waje. Aikinka ka kai linzamin kwamfuta kan da'irar, ka danna Z ko X daidai lokacin da zoben ya taɓa bakinta, lokacin kuwa shi ne bugun kiɗan. Ka dace sosai a ba ka 300, ka ɗan kauce 100, ka kauce da yawa 50, ka ɓata gaba ɗaya sandar ranka da ke saman allo ta ragu, in ta ƙare kuwa ka faɗi. Akwai masu jan layi da za ka bi ƙwallo a kansu, akwai na juyi da za ka yi ta wulwula linzami kamar mai burga miya. 'Yan wasan da kansu ke tsara da'irorin a kan waƙoƙi, tsarin kuma shi ake kira taswira. Waƙa ɗaya takan zo da taswira huɗu ko biyar, daga ta koyo har ta ƙwararru, kowace da adadin taurarinta, wato ma'aunin wuyarta.

Ni dai aikina buga takardu da hoton kwafi ne a wani shago, yatsuna sun saba da madannai tun da daɗewa, kuma kafin na sayi kwamfutar nan ta hannu na sha wasan kiɗa na Piano Tiles a waya har allon ya yi santsi. Saboda haka watanni uku na farko, ina wasa ni kaɗai, na yi ta hawa kamar farashin shinkafa. Matakan suna da iyaka a fili: ƙasa da taurari 2 na koyo ne, daga 2 zuwa 2.69 matsakaici, daga 2.7 zuwa 3.99 mai wuya, daga 4 zuwa 5.29 wanda sunansa da Turanci ke nufin na hauka, daga 5.3 sama kuma sai ƙwararru. Akwai wata waƙa mai taurari 4.6 da na nace mata kusan mako biyu. In na faɗi in sake, in na faɗi in sake, har na haddace inda kowace da'ira za ta fito. Ranar da na kai ƙarshenta da sauran numfashi, sai na naɗa wa kaina rawani: ni ɗan taurari huɗu da rabi ne.

Da wannan rawanin na shiga wasan taro.

Idan ka buɗe sashen, jerin ɗakuna za ka tarar, kowane da sunan da mai shi ya sa masa. Yawancin sunayen iyaka ce aka rubuta, 2-3, 3-4, 4-5, wasu kuma su ƙara da cewa shugabanci na zagayawa. Ɗaki kan ɗauki har mutum 16. Mai ɗaki yana da ɗan kambi a gefen sunansa, shi ke zaɓar taswira, shi ke tayar da wasa, kuma yana da ikon fitar da wanda ya ga dama. Abin da ban yi wa lissafi ba shi ne, taswira ɗaya kowa zai buga, mataki ɗaya, lokaci ɗaya. Babu tsayarwa, babu sakewa. Kuma waƙar da za a ɗora maka, sau tara cikin goma ba ka taɓa jin ta ba.

Na zaɓi ɗakin 4-5, na danna alamar na shirya. Daƙiƙa ashirin ba ta cika ba sandar raina ta ƙare. A wasan taro waƙa ba ta tsayawa don ka faɗi, haka za ka ci gaba da lalube sunanka na can ƙasan jeri kowa na kallo. Aka yi ta biyu, haka. Ta uku, haka. Babu wanda ya ce mini uffan, domin faɗuwata ba ta rage wa kowa komai ba. Laifin da na yi ya zo ne lokacin da kambi ya zagayo kaina. Maimakon in dubi ɗaki, sai na ce yau zan wanke kaina, na ɗauko waƙar nan tawa ta hadda. Minti biyar ce da ɗoriya, ga bidiyo a jikinta, mutane suka yi ta jiran saukarwa. Aka buga, na zo na shida cikin tara a waƙar da na yi mako biyu ina bita, su kuwa ganinsu na farko ke nan. Da aka gama ban miƙa kambin ba, don ban ma san ana miƙawa ba, sai na sake lalubo wata mai taurari 5.4, wadda ta haura iyakar da ke rubuce a ƙofar ɗakin, wai don kowa ma ya ɗanɗana faɗuwa. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta kalma biyu da ba zan maimaita ba. Da na ga abin ya lalace na lalubo inda ake miƙa kambin na ba wani, aikinsa na farko kuwa shi ne ya nuna mini ƙofa. Ɗaki na biyu laifina ya fi sauƙi: data ta yi nauyi, taswira ta ƙi sauka, an jira ni an gaji.

Na rufe kwamfuta ina huci. Inna ta ce, "Kai da wa kuma?" Na ce da wasu Turawa. Ta ce to Allah ya kyauta, ta juya.

Wanda ya fara gano ciwon kawuna ne, ƙanen Inna, da ya zo daga Argungu ya kwana biyu wurinmu. A ƙuruciyarsa ya yi wa rundawa kiɗan kalangu kafin ya koma noman shinkafa a fadama. Ya same ni da yamma ina ta ƙwanƙwasa madannai, ya ce in cire abin kunnen ya ji. Na cire, na saki sauti a fili, na buga masa waƙa guda. Bai kalli allo ba ko sau ɗaya, yatsuna ya zuba wa ido yana kaɗa ƙafa.

"Kai yaro, mi kaka kora haka?"

Na ce, "Kawu, kiɗan nake bi."

"A'a. Kiɗin ad da kai, shi ka korar ka. Hannunka na gaba, kunnenka na baya. Wanga ba bugu ba ne, gudun tsira ne."

Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Ya ce lokacin da yake koyo, sai da ya daɗe yana riƙe da ƙaramin kiɗa guda, bugu ɗaya tak, manya na yin kwalliyarsu a kai, kafin a yarda ya taɓa babbar ganga a gaban jama'a. Wanda ya yi gaggawa, in ji shi, ba kansa kaɗai yake kunyatawa ba, rawar mutane yake ɓatawa.

Cewar da ya yi hannuna na gaba ita ta sa na koma kan kayan aiki, kuma nan na fara gyara. Iyafis ɗina mara waya ne, na Bluetooth, irin wanda sauti ke ɗan makara kafin ya iso kunne. A kallon fim ba za ka damu ba. A nan kuwa lissafin na dubun daƙiƙa ne, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Na saba da makararren sauti har hannuna ya koyi riga shi, shi ya sa da aka saki sauti a fili Kawu ya ji ina gaba. Na sayi mai waya a kasuwa, mafi arha. A ƙasan allo akwai wani ɗan ma'auni da ke nuna ko bugunka na zuwa da wuri ko a makare, na kunna shi, na yi ta matsa saitin jinkirin sauti kaɗan kaɗan har alamomin suka taru a tsakiya. Na kuma lura in kwamfutar na kan batir takan rage ƙarfi, hoto ya riƙa tsinkewa, don haka wasan kirki sai da caja a jiki, ko in an ɗauke wuta in sauya mata saitin batir in haƙura da saurin ƙarewarsa. Wani abu da ya kwantar mini da hankali: nauyin intanet ba ya taɓa bugunka. Waƙar na cikin kwamfutarka, nan ake auna ka, maki kawai ake aikawa. Ashe duk zagin da na yi wa kamfanin layi a daren farko, rabinsa zalunci ne.

Sai aunawa. Na ɗauki littafin da nake rubuta bashin kwastomomi, na juya bayansa na ja layuka. Na saukar da waƙoƙi ashirin da ban taɓa ji ba, daga taurari 2.5 zuwa 4.5, na kafa wa kaina doka: kowace sau ɗaya zan buga, ko ta yi daɗi ko ta yi ɗaci, in rubuta kashi nawa cikin ɗari na dace da kuma da'ira nawa na ɓata. Kwana huɗu na yi a kai. Sakamakon bai yi mini daɗi ba. Ƙasa da taurari 3 ina samun kashi 96 zuwa 98. Tsakanin 3 da 3.4 ina riƙe 93 zuwa 95, kuskure biyu ko uku. Daga 3.6 sai abin ya fara zubewa, 88, 85. Daga 4 kuwa ko dai in faɗi ko in kai ƙarshe ina jan ciki da kashi 70 da wani abu. Mutumin da ya naɗa rawanin 4.6 ashe ɗan 3.2 ne. Abin da hadda ta ba ni daban, abin da idona ke iya karantawa nan take daban, ɗakin baƙi kuwa na biyun kaɗai yake tambaya.

Na tsayar wa kaina ma'auni daga nan: matakina shi ne inda zan buga sabuwar waƙa, gani na farko, in samu kashi 93 ko fiye. Ba wani ne ya saukar da lambar daga sama ba, ni na ga a nan ne nake jin waƙar maimakon jin bugun zuciyata.

Amma littafin ya nuna mini wani abu da ya fi wannan amfani. Waƙoƙi biyu, duka taurari 3.5, ɗaya na samu 95, ɗaya 81. Na yi ta juya abin har na koyi duba sauran lambobin da ke saman allo, waɗanda a da nake tsallakewa kamar rubutun jikin kwalin magani. Taurari jimla ce kawai, galibi nisan tsalle daga da'ira zuwa da'ira da saurin dannawa take aunawa, kuma wuraren da suka fi tsanani a waƙar su suka fi nauyi a lissafin. Ba ta gaya maka irin wuyar.

Ta farko ita ce AR, wato tsawon lokacin da da'ira ke bayyana kafin a buge ta. A AR 5 daƙiƙa ɗaya da ɗigo biyu ce. A AR 7 dubun daƙiƙa 900, a 8 ta koma 750, a 9 ta koma 600, a 10 kuma 450. Mutum zai ɗauka ƙaramar lamba ta fi sauƙi, ni ma haka na ɗauka. Amma in waƙa na da sauri kuma AR na ƙasa, da'irori kan taru a allo su hau kan juna kamar tumaki a bakin rijiya, ka rasa wacce ce ta gaba. Tsofaffin taswirori na shekarun farkon wasan sun yi suna a wannan. Ni idona ya fi sakewa tsakanin 7.5 da 8.5. Da na ga 9 na san zan riƙa firgita ina bugawa kafin lokaci.

Ta biyu saurin kiɗa, BPM, bugu nawa a minti. Muhimmancinsa na fitowa ne a abin da ni nake kira jerin gwano, inda da'irori ke zuwa a manne da juna, huɗu a kowane bugu. Lissafin ba wuya: a BPM 150 dannawa goma ke nan a daƙiƙa ɗaya, a 180 sha biyu. Yatsun da suka saba buga takardar neman aiki suna iya goma na ɗan lokaci. Sha biyu kuwa, bayan daƙiƙa uku sai hannuna ya sandare tun daga wuyan hannu har gwiwa. Waƙar nan da na samu 81 jerin gwano ce a 185. Wadda na samu 95 tsalle ce zalla, tsalle kuwa hannun linzami ne, can na fi ƙarfi. Wani kuma akasin haka yake, na sha ganin wanda ke shanye jerin gwano kamar kunu amma tsalle kaɗan ya watsar da shi.

Ta uku OD, ƙuncin ƙofar dacewa. A OD 5 kana da dubun daƙiƙa 50 gaba ko baya ka samu 300. A OD 8 saura 32. Allon kwamfutata sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa, kusan dubun daƙiƙa 17 ke nan kowane hoto, ka ga ƙofar ba ta wuce hoto biyu ba ta kowane gefe. A nan ne mai iyafis mara waya ke shan kashi bai san dalili ba. Akwai girman da'ira da saurin zubar rai, amma waɗannan ban cika damuwa da su ba a matakina. Abin da na fi dubawa bayan ukun nan shi ne tsawon waƙa, don dalilin da bai shafi gwaninta ba: tunda babu tsayarwa, in an kusa kiran isha'i ba na shiga waƙar minti shida. Sau ɗaya na yi, aka tayar da iƙama a masallacin layinmu ina tsakiyar waƙa, na fice na bar su, na dawo na tarar an cike gurbina.

Bayan mako uku na koma wasan taro, wannan karon ɗakin 3-4. Ko shi ma ba kowane nake faɗawa ba. Ina duba taswirar da ke kai a lokacin, domin wani ɗakin sunansa 3-4 amma kullum a 3.9 yake kwana. Ina son mai mutum biyar zuwa takwas. In sun kai sha biyar, jiran kowa ya sauke ya shirya ya fi wasan tsawo, kambi kuma ba zai zo kanka ba sai ka yi gyangyaɗi. In na shiga, zagaye na farko ba na cewa komai, sakamakon nake karantawa: wa ya zo na ɗaya da kashi nawa, na ƙarshe da nawa, ni ina na faɗo. In ina tsakiya, na samu gida. In na zo na ɗaya sau uku a jere da tazara mai yawa, na san na shigo ɗakin ƙannena, in dai ba zama zan yi don hira ba sai in matsa gaba. In kuwa ni ne na ƙarshe sau uku kuma kashina bai kai 80 ba, ba na jiran a nuna mini ƙofa.

Wani lokaci ɗakin daidai ne amma mai kambi ya ɗauko abin da ya fi ƙarfina. Da farko kunya kan sa in danna na shirya in je in sha wuya. Yanzu ina da hanya uku. In mai ɗaki ya buɗe damar kowa ya sa nasa gyaran, wato saitin da ke sauya yanayin wasa, sai in sa wanda ke hana faɗuwa. Yana raba maki biyu, amma zan bi waƙar har ƙarshe hankali kwance, in ga yadda aka gina ta. Ko in rubuta cewa zan zauna wannan zagayen, su buga in kalla. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma ban taɓa ganin wanda aka zaga don ya ce wannan ta fi shi ba. Ko kuma, in na ga ba ni kaɗai ba ne, mutum uku huɗu duk sun yi shiru ba su shirya ba, in roƙi a sauko da mataki ɗaya a waƙar. Sau da yawa akan sauko. Abin da ba na yi shi ne in shiga in fice a tsakiya don na ga ana cin mutuncina a jeri. Wannan ɗabi'a ce da ake ganewa, kuma ɗakunan matakinmu ba su da yawa a wasu sa'o'in, gobe ma da mutanen za ka haɗu.

In ta yi sauƙi da yawa kuma, nan ma akwai abin yi. Ina sa gyaran da ke ɓatar da da'ira kafin lokacin bugu ya yi, sai ka dogara da kunne, ko in sa wa kaina burin kada in ga 100 ko guda. Waƙar taurari 2.8 da za ka fita da kashi 99 ta fi koya wa hannu natsuwa a kan ta 4.5 da za ka fita da 72. Na san akwai masu cewa ba a ƙaruwa sai an riƙa cin duka a abin da ya fi ƙarfi. Da gaskiyarsu, amma wannan aikin zaman kaɗaici ne, inda za ka sake sau talatin ba wanda ka tsare.

Riƙe kambi shi ne inda na fi daɗewa ina koyo, domin a nan zaɓin ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai wasannin da suka sauke wa mutum wannan nauyin. A Fortnite Festival, wanda ya fito a Disamban 2023, mutum huɗu ne ke haɗuwa, kowa ya ɗauki kayan kiɗansa da matakinsa. A Project Sekai na waya mutum biyar ne, waƙa ɗaya, amma kowa da matakin da ya zaɓa. A ɗakunan da nake shiga kuwa tukunya ɗaya ce, mai kambi ne ke zuba barkono, kowa kuma sai ya ci.

Ga yadda nake yi yanzu. Tun kafin kambi ya iso ni na riga na ware waƙoƙi a wani kundi da na sa wa suna "na baƙi", kusan arba'in, duka tsakanin minti ɗaya da rabi da minti uku, duka masu matakai da yawa don in an ce a sauko ko a hau ba sai an sake saukar da komai ba. Babu mai nauyin bidiyo a ciki, don na san zafin kallon data na tafiya a kan abin da ba za ka ma kalla ba, kuma yaron da ke Manila ko wani ƙauyen Barazil mai yiwuwa irin layina gare shi. Kambi na zuwa, sai in tuna sakamakon zagaye biyu na baya. Ba na zaɓa don gwanin ɗaki, ba na zaɓa don na ƙarshe. Mutum na biyu daga ƙasa nake kallo: me zai iya kaiwa ƙarshe ba tare da ya faɗi ba? In wanda ya gabace ni ya ba mu jerin gwano hannaye sun gaji, sai in kawo mai tsalle a hankali. Ba na wuce iyakar da ke rubuce a sunan ɗaki ko da ɗigo ɗaya. Gyaran da ke ƙara saurin waƙa da rabi, wanda mai kambi kaɗai ke iya sa wa kowa, ba na taɓa shi sai na tambaya, domin yana mayar da AR 8 daga 750 zuwa 500, taswirar 3.3 ta zama wata dabba daban. Kuma ina zaɓa cikin rabin minti. Mai kambin da ke shafe minti huɗu yana lalube ya fi mai mugun zaɓi korar mutane.

Waƙar nan tawa ta hadda har yau tana nan, ban sa ta a kundin ba.

Kada in sa ku ɗauka kowa na gode mini. A makon jiya, daren Alhamis, an ɗauke wuta tun la'asar, ina kan batir, muna mu bakwai a ɗakin 3-4. Akwai wani mai tutar Turkiyya da ya faɗi sau biyu a jere, na ga alamar yana shirin zamewa, irin shirun nan da na sani. Kambi ya zo kaina na ɗauko mai taurari 3.1, AR 8, BPM 140, minti biyu. Gwanin ɗakin, wani mai tutar Rasha da ke cinye mu tun da na shigo, ya rubuta cewa wannan ta yara ce, ya fice kafin a fara. Muka buga mu shida. Na zo na uku da kashi 96. Baturken ya zo na ƙarshe da 84, amma sandar ransa ba ta ƙare ba, ya rubuta gg har sau uku, abin da ake rubutawa ke nan in wasa ya yi daɗi. Na miƙa masa kambi. Ya ɗan jima yana lalube, sai ga shi ya ɗauko mai taurari 4.4, minti shida.

Na dubi kusurwar allo, batir saura kashi 9. Na rubuta masa da ɗan Turancina cewa ya dubi sunan ɗakin. Inna ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce in na gama da Turawan in shigo da bencin, hadari ya haɗo ta gabas.